Furotin ɗin ganye da ƙwayar filatinam: tambayoyi da amsoshi kan samar da haidirojin daga hasken rana

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban kemistiri da bayokemistiri a Samaru suka fi yi idan aka zo kan wannan batu, tare da amsoshinsu. Inda muka ba da adadi, adadin fara gwaji ne. Kowane ɗakin bincike sai ya daidaita shi da kayan da ke hannunsa.

Wai me ake haɗawa da me?

A cikin kowane koren ganye akwai wani siririn tantani da ake kira tilakoid. A jikinsa ne manyan furotin biyu masu kama haske suke zaune: fotosistem na biyu, da ake taƙaita shi PSII, da fotosistem na ɗaya, PSI. Na biyun yana fasa ruwa ya ciro ilaktiron, ya saki oksijin. Na ɗayan yana karɓar ilaktiron ɗin, ya sake ɗaga shi da ƙarfin haske, ya miƙa wa wani ƙaramin furotin mai suna feredoksin, daga nan tsiro ya yi amfani da shi ya haɗa sukari.

Dabarar ita ce a tare ilaktiron ɗin a bakin ƙofa. A wurin da feredoksin ya saba zama sai a ɗora ƙwayar filatinam mai faɗin nanomita 2 zuwa 3. Ƙwaya mai nanomita 3 ba ta wuce atam dubu ba, kuma sai an jera fiye da dubu ashirin kafin su kai kaurin silin gashi. Filatinam yana haɗa ilaktiron biyu da furoton biyu daga cikin ruwa, iskar haidirojin ta fito. Ita ce makamashin da ake nufi: ana iya tara ta a tukunya, a ƙona ta, ko a haɗa takin zamani da ita.

Me ya sa kullum PSI ake ji, ba PSII ba?

Saboda ƙarfi da juriya. Kusan duk ƙwayar hasken da PSI ya kama tana komawa ilaktiron guda, asarar ba ta taka kara ta karya ba. A cikinsa ilaktiron yana tashi daga kulorofil, wato koren sinadarin ganye mai kama haske, wanda ake kira P700, ya bi ta wasu matakai har ya sauka kan tarin ƙarfe da sulfa na ƙarshe, FB, wanda ƙarfinsa ya kai wajen -0.58 bolt. Samar da haidirojin a pH 7 yana buƙatar -0.41 bolt ne kawai, don haka akwai rara. Kuma ilaktiron yana jira a kan FB kimanin milisakan 60 kafin ya koma inda ya fito. A wurinmu ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo, amma a duniyar sinadarai lokaci ne mai yawa.

PSII kuwa rago ne wajen ɗaukar wahala. Aikin fasa ruwa yana cin jikinsa: a rana mai ƙarfi, tsiro yana canja furotin ɗinsa na D1 kusan duk rabin sa'a. Da zarar an ciro shi daga ganye babu mai yi masa wannan gyara.

Tsarin PSI na sayanobakteriya, wato ƙwayoyin halittar nan masu kama da gansakuka, an warware shi a Jamus a 2001. Kowane guda yana ɗauke da kulorofil 96, karotinoid 22 da tarin ƙarfe da sulfa 3, kuma uku-uku suke zama a dunƙule. A riƙe lambar nan: atam ɗin ƙarfe 12 a kowane PSI. Za ta yi amfani a gaba.

Sabon abu ne?

A'a. A 1985 Elias Greenbaum na ɗakin binciken Oak Ridge a Amurka ya ɗora filatinam a kan tilakoid ya haska, sai haidirojin ya fito. A 2008 rukunin John Golbeck da Donald Bryant a jami'ar jihar Pensilbaniya suka ɗaure ƙwayar da PSI da wata 'yar igiyar sinadari mai sulfa a baki biyu. A 2010 Ifeyinwa Iwuchukwu da Barry Bruce a jami'ar Tenesi suka nuna cewa PSI na wata halitta mai son zafi, da aka samo asalinta daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a Japan, yana ci gaba da aiki fiye da kwana 85, kuma yana jure zafi har digiri 55. A 2011 Lisa Utschig ta ɗakin binciken Argonne, kusa da Shikago, ta nuna ba sai da igiya ba: ƙwayar da aka lulluɓe da cajin da ya dace da kanta take neman wurin zama. A 2024 ne aka ga hoton haɗin da madubin ilaktiron mai daskarewa, sai ya bayyana ƙwayoyin a wuri biyu suke zama a kan kowane PSI, ba wuri ɗaya ba kamar yadda aka daɗe ana zato.

Ta yaya ƙwayar take manne wa furotin?

A gefen PSI da ilaktiron ke fita akwai wani tudu da ƙananan furotin uku suka yi, PsaC da PsaD da PsaE. Wurin yana da caji mai kyau, wato (+), shi ya sa feredoksin, mai caji mara kyau, wato (-), yake manne masa. Idan aka lulluɓe filatinam da sinadarin makaptosaksinik asid, sulfarsa ta kama ƙarfen, sauran jikinsa ya ba ƙwayar caji mara kyau, sai ta zama kamar feredoksin ɗin bogi.

Nisa shi ne komai a nan. Gudun ilaktiron a cikin furotin yana raguwa ninki goma duk sa'ad da nisa ya ƙaru da kimanin nanomita 0.17, kuma idan ya wuce nanomita 1.4 aiki ya fara lalacewa. Ƙwayar da ta manne a gefen da ba daidai ba, awo zai nuna tana nan, amma ko ɗigon haidirojin ba za ta bayar ba. Saboda haka ne ƙwaya babba ba ta da amfani: ba ta shiga lungun.

Malam, ke nan ruwa ake fasawa a samu mai kyauta?

Nan ne ake yawan ruɗin mutane, kuma ita ce tambayar da ya kamata a yi wa duk wani sakamako a wannan fanni: daga ina ilaktiron ɗin suka fito?

A mafi yawan gwaje-gwajen PSI da filatinam, babu PSII a cikin kwalbar. Ba a fasa ruwa, ba a sakin oksijin. Ilaktiron daga askobet suke zuwa, wato bitamin C, wanda ake zubawa da yawa, galibi milimola 100, tare da ɗan aike kamar saitokurom c6 ko filastosayanin da ke kai su ga P700. Askobet ɗin yana ƙarewa kamar yadda itace ke ƙarewa a murhu.

A yi lissafi. Kowane mol na askobet yana ba da ilaktiron biyu, wato mol ɗaya na haidirojin. Kilo ɗaya na haidirojin kusan mol 496 ne, mol ɗin bitamin C kuwa giram 176. Ke nan sai an ƙona wajen kilo 87 na bitamin C kafin a samu kilo ɗaya na haidirojin, wanda ƙarfinsa bai kai na litar fetur huɗu ba. Ba mai hankalin da zai kira wannan kasuwanci. Amfaninsa shi ne auna rabin aikin a keɓe, a ga ko furotin da ƙarfen suna magana da juna.

Inda ake fasa ruwa da gaske shi ne idan an bar tilakoid ɗin a yadda yake, PSII da PSI suna tare. Rukunin Argonne ya yi haka a 2018, rukunin Erwin Reisner na jami'ar Kambirij a Ingila kuma ya haɗa PSII da enzayim ɗin haidirojinas, furotin mai haɗa haidirojin, a kan farantan lantarki a shekarar. Amma a nan yawan iskar yana faɗuwa ƙwarai, kuma oksijin ɗin da aka saki shi kansa matsala ne, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Za a iya amfani da alayyafon kasuwar Sabon Gari?

Za a iya, amma a san abin da aka saya. Ganyen da takardun ƙasashen waje ke ambata alayyafon Turawa ne, wani tsiro daban da namu. Namu yana cikin tsirrai masu tsarin C4, wato wani salo daban na kama iskar kabon, kamar masara da dawa da gero da rake, don haka kada a ɗauki adadin da aka samu da wancan a ce dole a same shi da wannan. A guji jan alayyafo, launinsa yana shiga awon haske. Latas ɗin fadama yana da saurin niƙuwa kuma yana ba da tilakoid mai tsabta. Lalo da karkashi da ganyen kuɓewa kuwa a bar su ga miya: yauƙinsu yana toshe abin tata, kuma ba ya barin komai ya kwanta a ƙasan kwalba.

A yanko ganye da sassafe, a saka a sanyi nan take. Ganyen da ya yini a rana ya tara sitaci, ƙwayoyin sitacin kuma suna fasa kulorofilas, wato 'yan jakunkunan da tilakoid ke ciki, yayin juyawa a inji. Idan ba makawa, a kwana da shi cikin duhu a firji. Wanda aka shuka da ruwan kwata a ƙyale shi, ƙarafan da ya sha za su ɓata awon ƙarfe daga baya.

Yaya ake ciro tilakoid?

Komai a kan ƙanƙara, cikin haske kaɗan. A cire jijiyoyin ganye giram 100, a zuba a bilenda da mililita 300 na bafa mai sanyi, wato ruwan da ke riƙe pH a wuri ɗaya: HEPES milimola 50 a pH 7.5, sukuros mola 0.4, gishiri milimola 10, MgCl2 milimola 5. A niƙa sau uku ko huɗu, daƙiƙa biyar-biyar. Wanda ya bar bilenda tana gudu kamar mai markaɗen tattasai zai dumama ruwan ya kashe PSII tun ba a je ko'ina ba.

A tace da ƙyalle mai linki huɗu zuwa takwas, kada a matse. A juya a santirifuj, injin da ke juya kwalba da gudu har mai nauyi ya kwanta, a 300 g na minti biyu, a zubar da abin da ya kwanta, a sake juya ruwan a 4,000 g na minti goma. Koren da ya kwanta shi ake nema. Idan an ga fari a ƙarƙashinsa, sitaci ne, a kwashe koren da burushin zane mai laushi a bar farin. A narkar da shi a bafa marar sukuros don kulorofilas su fashe, a juya a 10,000 g na minti goma.

Sai awon kulorofil. A ɗiga mikrolita 10 a cikin mililita ɗaya na asiton kashi 80, a juya, a karanta a nanomita 645 da 663. Da lissafin Arnon na 1949, jimillar kulorofil a mikrogiram cikin mililita ita ce 20.2 sau karatun farko, a tara da 8.02 sau karatu na biyu, sannan a ninka da yawan sirkin da aka yi. Kafin a ɓata filatinam a kai, a gwada ko yana da rai: a zuba shuɗin DCPIP a haska, idan shuɗin yana dusashewa a nanomita 600 a haske amma ba ya dusashewa a duhu, PSII yana aiki.

Raba PSI shi kaɗai wani mataki ne. Ana narkar da tantanin da sabulun bincike mai laushi, dodesil maltosaid, kashi 1 cikin ɗari a kan kulorofil miligiram ɗaya cikin mililita, sannan a raba a matakalar sukuros cikin babban santirifuj dare guda. Daga nan kowane bafa sai ya ƙunshi kashi 0.03 na sabulun, in ba haka ba furotin ya dunƙule ya zama koren ɓarɓashi.

Ƙwayoyin filatinam fa, saye ake yi?

Haɗawa ake yi, kuma ba ya ɗaukar yini. A narkar da H2PtCl6, wato gishirin filatinam, a zuba makaptosaksinik asid, sannan a ɗiga NaBH4, sinadarin da ke mayar da gishirin ƙarfe, wanda aka narkar yanzu-yanzu a ruwan sanyi, kimanin ninki goma na filatinam ɗin, ana motsawa da ƙarfi. Ruwan zai tashi daga rawaya ya koma ruwan ƙasa mai duhu, tsinin da gishirin ke bayarwa a awon haske wajen nanomita 260 kuma ya ɓace. Yawan sulfa a kan filatinam shi ke yanke girman ƙwaya: da yawa, ƙwaya ta yi ƙanƙanta amma fuskarta ta rufe, kaɗan, ƙwayoyi su haɗe su kwanta baƙi kamar garin gawayi. A wanke sau uku aƙalla.

Wajen haɗawa, a sa ƙwayoyi ninki biyu ko uku na PSI, a bar su a digiri 4 cikin duhu dare guda suna juyawa a hankali, a tace waɗanda ba su manne ba da matata mai riƙe manyan furotin. A auna filatinam da ƙarfen da ke cikin PSI. A raba ƙarfen da 12 a san yawan PSI, daga nan a san ƙwaya nawa ke kan kowanne.

Yaya ake sanin haidirojin ya fito?

Ba da kumfa ba. A 'yar kwalba mai mililita 10 a sa ruwan gwaji mililita 2, bafar MES a pH 6.2 ko kusa, a rufe da marfin roba, a kore iska da agon ko naitirojin na minti 20 zuwa 30. A hura a saman ruwan, domin hurawa a ciki yana sa sabulu kumfa ya lalata furotin. A haska da jan LED, ko a gitta kwalbar ruwa tsakanin fitila da gwaji don tare zafi. Duk rabin sa'a a ɗebi mikrolita 100 na iskar sama da sirinjin da ba ya yoyo, a saka a injin GC, mai rarrabe iskoki, wanda ke da na'urar TCD mai gane iska ta yadda take ɗaukar zafi. Iskar ɗauka ta zama agon ko naitirojin. Hiliyam yana ɗaukar zafi kusan kamar haidirojin, sai tsinin ya ɓata.

Ga abin da za a sa rai. Idan akwai kulorofil mikrogiram 10 a kwalba, yana aiki a mikromol 100 ga kowane miligiram a sa'a, za a samu mikromol ɗaya a sa'a. A bakin teku wannan mikrolita 24.5 ne, a Zariya da ke sama da mita 600 ya kusa 26. Wato kashi 0.3 cikin ɗari na iskar kwalbar. Sakamakon Argonne na 2011 mikromol 244 ne ga kowane miligiram a sa'a, don a san ma'auni. A lura PSI na tsiro yana da kulorofil fiye da 150, ba 96 ba, saboda haka kwatanta su da miligiram na kulorofil kawai zalunci ne ga na tsiro.

Na bi duk matakan, ban ga komai ba.

A fara zargin oksijin. Yana ƙwace ilaktiron daga FB kafin filatinam ya samu, kuma filatinam ɗin da kansa yana mayar da haidirojin da oksijin ruwa. Marfin da allura ta huda sau goma ba marfi ba ne. Na biyu, pH: idan aka zuba asid ɗin bitamin C ba tare da an daidaita shi ba, magniziyam ya fice daga kulorofil, kore ya koma ruwan toka-toka kamar ganyen da ya kwana a miya. Na uku, gishiri ya yi yawa ya raba ƙwaya da furotin. Na huɗu, ragowar DTT ko wani sinadari mai sulfa a bafa, wanda ke toshe fuskar filatinam. Na biyar, ɗan aiken bai dace ba: filastosayanin na tsiro ba lallai ya yi sauri da PSI na sayanobakteriya ba.

Ni kuma na ga da yawa tun kafin in kunna fitila.

Kada a yi murna tukuna. Ragowar NaBH4 ce da ba a wanke ba. Tana sakin haidirojin a ruwa mai ɗan tsami, filatinam kuma yana ƙara mata sauri. Shi ya sa gwaji ba ya cika sai da kwalaben shaida: ɗaya a nannaɗe da takardar alminiyam, ɗaya ba filatinam, ɗaya ba PSI, ɗaya ba askobet, ɗaya da PSI da aka tafasa. Duk wadda ta ba da iska a cikinsu, a cire adadinta ko a sake aikin.

Dole sai filatinam? Zinare ko nikel fa?

Filatinam ne ya fi kowa iya wannan aiki, amma yana da tsada, kuma kusan kashi 70 na wanda ake haƙowa daga Afirka ta Kudu yake. Zinare yana yi amma a hankali. An fi son sa don yadda ƙwayoyinsa ke tara haske wajen nanomita 520, kodayake idan ya matso kulorofil da yawa sai ya shanye ƙarfin. An gwada sinadaran kobalt da nikel, sun yi aiki, sai dai cikin 'yan sa'o'i suke mutuwa ko su saki furotin.

Zai maye gurbin fetur ko farantin sola?

Ba nan kusa ba. Ko a gudun mikromol 244, sai an tara kusan kilo biyu na kulorofil ɗin PSI mai tsabta kafin a samu kilo ɗaya na haidirojin a sa'a, ban da bitamin C ɗin da aka lissafa. Farantin silikon na kasuwa yana kama wajen kashi 20 na hasken rana. Idan aka haɗa shi da injin fasa ruwa da ke cin kilowat-awa 50 zuwa 55 a kowane kilo, za a ƙare da kashi 12 zuwa 14, kuma farantin zai yi shekara ashirin a kan rufi ba ya neman firji, shara kawai yake so lokacin ƙurar hunturu. Tsiro kansa, iyakar abin da zai iya a lissafi kashi 4.6 ne ga irin su shinkafa da wake, kashi 6 ga irin su dawa. Darajar wannan bincike tana wajen koyon yadda ake kai ilaktiron daga furotin zuwa ƙarfe ba tare da asara ba, ilimin da ke shiga ƙera na'urorin gwaji da sababbin katalis, wato abubuwan da ke hanzarta aikin sinadarai.

Wane ɓangare ne ɗalibi zai iya yi a nan Zariya?

Ciro tilakoid, gwajin DCPIP, haɗa ƙwayoyi da bin su da na'urar awon haske duk suna yiwuwa da santirifuj mai sanyi da ƙanƙara. Kwatanta ganyayenmu, a ga wanne tilakoid ɗinsa ya fi jure zafin watan Maris da Afrilu, aiki ne na gaske wanda bai buƙaci filatinam ko kaɗan. Kafin a rubuta tsarin aikin digiri, a je da ƙafa a tambayi ɗakunan binciken Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NARICT da ke Basawa ko injin GC ɗin da za a yi amfani da shi yana da TCD da bututun da ke raba haidirojin, domin mai na'urar FID ba ya ganin wannan iska sam.

Ajiya ita ce babbar damuwa. Tilakoid yana son digiri 80 ƙasa da sifili da gilisirol kashi 20, kuma daskarewa da narkewa sau biyu ko uku saboda ɗaukewar wuta sun isa su gama da PSII. A raba shi kashi-kashi a ƙananan kwalabe, ko kuma a tsara aiki yadda za a ciro da safe a gama awo kafin magariba. Gishirin filatinam yana jawo asma da ƙaiƙayin fata, a auna shi da safar hannu a cikin akwatin zuƙe iska. Haidirojin yana kama wuta daga kashi 4 zuwa 75 a cikin iska, don haka kwalbar sharar NaBH4 ba a ɗaure bakinta. Ruwan da ya rage mai filatinam a tara shi a kwalba daban a rubuta suna a jiki, ana iya dawo da ƙarfen daga ciki.